Na Dafa Wuƙar Babanmu

Gwaggo mai shawara, don girman Allah ki taimake ni, kada ki sa takardar nan cikin waɗanda za a duba wata mai zuwa, domin sati uku kawai ya rage mini. Yau kwana goma sha biyu ke nan ina yawo da wani abu a ƙasan jakata, nannaɗe da bandeji, kuma duk inda na zauna sai in ji kamar kowa yana hango shi. Wuƙa ce. Na san za ki yi murmushi, ni ma da wata ce ta rubuto miki a kan wuƙa da na ce ba ta da aikin yi. Amma ki yi haƙuri ki bi ni har ƙarshe, ni ban iya taƙaita magana ba.

Babanmu ya rasu shekara ɗaya da wata biyu da suka wuce, Allah ya jiƙansa. Aikinsa auren itatuwa ne a wani lambun renon dashe, shekara arba'in da ɗoriya. Zai yanko reshen mangwaro ko na lemo mai kyawun 'ya'ya, ya tsaga ƙaramin dashe, ya haɗa su ya ɗaure, su zama itace ɗaya. Duk shekarun nan da wuƙa ɗaya ya yi aiki, 'yar ƙarama mai naɗewa irin ta aljihu, mai ƙotar ƙaho. Tun kafin a haife ni take aljihunsa. Da ita yake fere mana lemo, da ita yake feƙe mana fensir, amma bai taɓa barin wani ya riƙe ta ba, har Innarmu. Baba bahago ne, gefe ɗaya kawai yake wasa ta, yadda za ta kwanta a jikin reshe idan yana ja da hagu. Wasawar shekara da shekaru ta cinye ƙarfen har ya sirance. A jikin ƙotar kuwa, daidai inda babban yatsansa yake zama, ƙahon ya lotsa ya yi gurbi, sumul, baƙi wuluk saboda gumi da danƙon itace.

Ni kuma aikina wanke kayan tiyata ne a asibiti, shekara goma sha shida ina yi. Almakashi, hantsaki, ƙananan wuƙaƙe, in wanke, in goge, in jera a tire, in sa a tukunyar tururi. Idona ya saba, idan na ga ƙarfe da baƙi a jikinsa sai hannuna ya fara ƙaiƙayi. Tun ina yarinya haka nake, shi ya sa Baba yake kirana Uwar Sabulu. Yakan ce ranar da zan yi aure a ɓoye tukwanen dangin miji, kada in kankare su har su huje. Idan ya ga ina kallon wuƙarsa sai ya naɗe ta ya jefa aljihu yana dariya, ya ce wannan ba ta shan ruwa, tsumma da ɗigon mai ne abincinta. Na ji wannan maganar ta fi sau ɗari, Gwaggo. Ba zan ce ban sani ba.

Bayan rasuwarsa wuƙar ta koma durowar keken ɗinkin Inna, cikin maɓallai da ragowar zare. Kullum da safe idan ta gama karyawa sai ta jawo durowar ta ɗauko ta. Ba ta buɗe ta. Babban yatsanta kawai take sawa a gurbin nan, ta ɗan kalli taga, ta mayar. Ita a zatonta ba wanda ya lura. Ni na lura, domin gidana layi biyu ne tsakaninsa da nata, ranar da ba ni da aikin safe a can nake karyawa.

Sai kuma zancen Autanmu. Shi ma bahago ne, kuma shi kaɗai ne a cikinmu ya koyi aikin Baba, ko da yake yanzu wani aikin yake yi a gari mai nisa. A bayan gidanmu akwai tsohon mangwaro da Baba ya aurar a shekarar da ya auri Inna, duk unguwar ba mai zaƙinsa. Gara ta cinye cikinsa, reshe ɗaya ne ya rage da ɗanyen ganye. Kafin ciwo ya kwantar da Baba ya shuka ƙwallo a gefensa, ya ce idan dashen ya kai kaurin babban yatsa, Auta ya yanko daga tsohon ya aura masa, kuma da wuƙar nan zai yi. A gabanmu duka ya faɗa. To dashen ya kai. Auta ya bugo waya ya ce ya nemi hutu, yana nan tafe, domin idan aka ƙara shekara wataƙila reshen nan ɗaya ma ba za a same shi ba.

Kwana biyu da wayar, Inna ta tafi dubo ƙanwarta da ta yi rashin lafiya, za ta kwana biyu. Na ce bari in gyara mata ɗaki kafin ta dawo. Na share, na wanke labule, na zo kan keken ɗinki na jawo durowa. Na ɗauki wuƙar na ji tana danƙo a hannuna, na buɗe ta da kyar, na ga ɗan jan tsatsa a gindin ƙarfen. Wallahi niyyata alheri ce. Na ce a raina yaya za a yi Auta ya zo ya sami wuƙar Baba a haka, bari in miƙa masa ita tana ƙyalli. Na sa soson ƙarfe na dirje ƙarfen, baƙin nan na shekara arba'in ya fita tas a cikin minti biyar, har ina jin daɗi. Sai na ga datti ya maƙale a cikin tsagar da ƙarfen yake kwanciya, soso ba ya shiga. A wurin aiki abin da hannu bai kai ba zafi ne yake kai masa. Ban tsaya tunani ba, na ɗora tukunya, ruwa ya tafasa, na jefa ta ciki, na fita shanya labule.

Ban fi minti ashirin ba. Da na dawo wani wari ne ya fara tarbata, irin na ƙonannen gashi. Na tsamo ta da cokali na ga ƙotar ta yi laushi ta lanƙwashe, ta ɗago daga jikin ƙarfen. Maimakon in bar ta ta huce da kanta, tsoro ya sa na tara ta a famfo. Sai na ji ƙas. Ƙahon ya tsage daga sama har ƙasa, kuma tsagar ba ta bi ta ko'ina ba sai ta tsakiyar gurbin yatsan Baba. Wani ɗan ɓallin ya faɗa cikin kwanon wanke-wanke, na tsince shi. Ƙusar da ke riƙe da ƙarfen ta saki, yanzu idan aka buɗe wuƙar sai ta riƙa girgiza kamar haƙorin da zai fita. Na zauna a ƙasan kicin ɗin nan ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Ni da nake koya wa sababbin ma'aikata abin da ake sawa a tururi da abin da ba a sawa, ni ce na dafa ƙaho.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Na naɗe ta da bandeji na sa a jaka, da nufin in kai gyara in mayar kafin Inna ta dawo. Sai ta dawo da wuri, tun kafin in samu fita. Washegari da safe ina zaune ta jawo durowa. Na ga hannunta yana lalube cikin maɓallai, ta sake lalubawa, ta zazzage durowar a kan gado. Ta tambaye ni ko na gani. Gwaggo, bakina ne ya riga ni, na ce ban gani ba. Ban tsaya nan ba, na tashi na taya ta nema. Ni na ɗaga katifa, ni na leƙa ƙarƙashin gado da fitilar waya, ni na zazzage kwandon wanki, jakata kuwa tana rataye a jikin ƙofa, taku uku daga inda take tsaye.

Da muka gaji ta zauna a bakin gado ta yi tagumi. Na zaci za ta zargi wani, har na shirya abin da zan ce. Ba ta zargi kowa ba. Cewa ta yi: "Ashe na kai lokacin da zan ajiye abu da hannuna in manta. Haka Yaya ta fara." Yayarta take nufi, wadda mantuwa ta kama a ƙarshen rayuwarta har ta daina gane 'ya'yanta. Inna ce ta yi jinyarta shekara huɗu, kuma tun lokacin ba abin da take tsoro a duniya kamar ta ƙare haka.

Tun ranar Inna ta canza. Ta ɗaure makullanta da zare ta rataya a wuya. Ta daina kunna murhu idan ita kaɗai ce a gida, wai kada ta manta ta bar shi a kunne, sai ta zauna da yunwa har in taso daga aiki. Ta tattara magungunanta na hawan jini ta ba ni, ta ce in riƙa ƙirga mata, ba ta yarda da kanta ba. Shekaran jiya na same ta tana karanto sunayen jikokinta ɗaya bayan ɗaya a hankali, tana gwada kanta. Matar da ta san ranar haihuwar kowa a danginmu, har na maƙwabta. Ta kuma roƙe ni kada in gaya wa Auta tukuna, wai kunya take ji ya san ta ɓatar da amanar ubansa. Ni kuma na gyaɗa kai na ce to. Kullum da safe har yanzu tana jawo durowar nan, ta duba, ta mayar. Kullum nakan ce yau zan faɗa, sai in ga fuskarta, in ɓuge da tambayarta me za a dafa.

Ranar hutuna na kai wuƙar wurin wani dattijo mai gyaran makullai da almakashi a layin masu gyare-gyare na bayan kasuwa. Shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma ɗaya ba, ga makullai a rataye ko'ina. Ya warware bandejin, ya gyara tabarau, ya juya ta, ya shinshina, ya ɗago ya tambaye ni wa ya dafa ta. Na ce ni ce. Ya kalle ni ta saman tabarau, wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya gwada kaifin a farcensa ya ce mai wuƙar nan bahago ne, kuma ya san aikinsa. Nan na fara hawaye a gaban mutane.

Ya ce hanya biyu ce. Ko ya cire ƙotar gaba ɗaya ya sa sabuwa, ta ƙaho ko ta katako, ya buga sabuwar ƙusa, wuƙa ta koma aiki daram kamar ba abin da ya same ta, amma gurbin yatsan ya tafi ke nan. Ko kuma ya ɗiga gam a tsagar ya manne ɓallin, a sa ta a akwati a riƙa kallo, amma kada wanda ya kuskura ya yanka ko da zare ne da ita, domin ƙotar za ta buɗe a hannunsa ta yanke shi. Ina cikin wannan tashin hankali shi kuma ya tsaya yana ba ni labarin ƙusa, wai wannan ta tsakiya ba tata ba ce ta asali, guntun wayar ƙafar keken hawa ce wani ya yanka ya daddaƙe kanta, wai har ƙarfen bayan ma an taɓa canza shi. Ni ina ruwana da wayar keke? Na karɓi abata na ce zan dawo.

To ga inda na tsaya, saura sati uku Auta ya iso. Idan na sa aka gyara, Auta zai yi aikin da Baba ya bar masa, amma na shafe wurin da Inna take sa yatsanta, abu na ƙarshe a gidan nan da ke da siffar jikin Baba. Idan na bar ta yadda take, gurbin yana nan ko da a tsage, amma wuƙar ta mutu, maganar Baba ta faɗi ƙasa. Kuma tunda na fara tona wa kaina asiri bari in ƙarasa: akwai wata dabara da take ta zuwar mini. In sa a manne ta da gam, in cusa ta bayan durowar, in yi kamar na tsinto ta, in ce zafin ɗaki ne ya tsaga ƙahon. Inna za ta samu kwanciyar hankali, ni kuma ba wanda zai san abin da na yi. Na san ba daidai ba ne, amma kullum sai ta dawo mini da sabuwar kwalliya.

Ni ce babba a ɗakinmu, ni ake kira idan abu ya lalace, ban saba zama wadda ta lalata ba. Ina jin kunyar Auta, ina jin kunyar Inna, har Baba da ke kabari kunyarsa nake ji. Abinci ba ya mini daɗi, a wurin aiki jiya na tsaya riƙe da almakashi har abokiyar aikina ta taɓa ni. Ki gaya mini, Gwaggo, in gyara ko in bari?

Taki cikin damuwa,
Uwar Sabulu

*

'Yata Uwar Sabulu,

Na karanta takardarki sau biyu, ban yi dariya ba, sai dai a wurin tukwanen dangin miji. Allah ya jiƙan mahaifinki, da gani mutum ne mai daɗin zama.

Kin tambaye ni a kan wuƙa, kuma zan ba ki amsa, amma ba ita ce a gaba ba. Wuƙa za ta iya jiran sati uku a cikin bandeji, ba abin da zai ƙara samunta. Innarki ce ba za ta iya ƙara kwana ɗaya a haka ba. Laifi biyu kika kawo mini a ƙunshi ɗaya, kuma kin fi kuka a kan ƙaramin. Dafa wuƙar kuskure ne na mai son gyara, hannunki ya yi abin da ya saba yi shekara goma sha shida kafin kanki ya farga. Wannan ya wuce, minti ashirin ne, ba ya dawowa. Na biyun kuwa bai wuce ba, kullum da safe sabunta shi kike yi. Tsohuwa mai cikakken hankali tana zaune da yunwa tana tsoron murhunta, tana gwada kanta da sunayen jikoki, alhali maganin abin yana rataye a jikin ƙofarta. Ba na faɗa don in ƙara miki nauyi ba, na san kin fi ni sani. Na faɗa ne don ki daina ce wa kanki sai kin yanke shawarar gyara tukuna za ki yi magana. Zancen gyaran nan ya zame miki wurin ɓuya.

Saboda haka yau, ba gobe ba, ki je. Kada ki jira ki ga fuskarta ta yi daidai, ba za ta yi ba. Ki zauna ƙasa kusa da ita, ki fito da wuƙar ki sa mata a hannu kafin ki buɗe baki, domin idan tana hannunta ba ki da hanyar komawa zancen me za a dafa. Abin da za ki fara faɗa shi ne ba ta manta komai ba, inda ta ajiye nan ta ajiye, ke kika ɗauka. Wannan ya riga ban haƙuri, ya riga bayanin tukunya da famfo. Sannan ki faɗi sauran duka, har da ɗaga katifar. Kada ki yi ta nanata cewa niyyarki alheri ce, ta san 'yarta. Wataƙila ta yi kuka, wataƙila ta yi miki faɗan da rabonki da shi tun kina 'yar makaranta, wataƙila ta kwana biyu ba ta sake miki fuska ba. Haƙƙinta ne, ki ɗauka. Ki mayar mata da magungunanta a ranar, ki ce ta ci gaba da ƙirga abinta.

Dabarar cusawa a bayan durowa kuwa ki binne ta. Ki duba abin da za ta haifar: Inna za ta gaskata cewa ta zazzage durowa ta duba ba ta gani ba, wato idonta ma ya bi hankalinta. Auta kuma mai aikin hannu ne, yana ganin ƙarfen da aka dirje da ƙahon da ya lanƙwashe zai san ba zafin ɗaki ba ne. Kuma idan ya buɗe ta ya ja a jikin reshe gam ɗin ya saki, yatsunsa ne a wurin. Ke da kike aiki a asibiti ba sai na ƙarasa miki ba.

Yanzu wuƙa. Masu cewa a bar tsohon abu yadda yake suna da hujja, domin abin da shekaru suka yi ba a sayensa a shago, kuma duk gyaran da aka yi ba a warware shi. Masu cewa a gyara su ma suna da tasu, domin kayan aiki idan ya daina aiki ya zama abin kallo kawai. Amma ke kin riga kin samu amsar mai wuƙar da kansa, kika yi fushi kika bar ta a shagon dattijo. Kin ce ina ruwanki da wayar keke. Wa kike zaton ya yanka wayar nan ya daddaƙe kanta? Mutumin da bai yarda ko matarsa ta riƙe wuƙar ba, da wuya a ce wani ya bai wa. Wuƙar nan ta taɓa lalacewa a hannun mahaifinki, ga alama ba sau ɗaya ba, bai sa ta a akwati ba, ya gyara ta da abin da ya samu ya koma lambu. Abin da kike ɗauka na asali ne, wanda ba a taɓa taɓawa ba, shi kansa gyararre ne. Kuma wasiyyar da ya bari ba ta ajiya ba ce, ta aiki ce.

Ki kuma lura da wani abu da ke kika rubuta shi da hannunki. Innarki ba ta taɓa buɗe wuƙar ba, gurbin take nema. Auta kuma ƙarfen yake bukata, da kaifin nan na hagu. Mutum biyu ne, kowa da rabin da ya dame shi, kuma ƙota da ƙarfe ana raba su. Na tambayi wani mai irin wannan sana'ar, ya ce ƙotar irin wannan wuƙa ɓangare biyu ce, akan iya cire ɓangaren da ya tsage a hankali, a manne shi a kan siririn ƙarfe a mayar, tabon zai fito amma wani lokaci yana riƙewa. Ki tambayi dattijonki ko naku zai yiwu, shi ya gani da idonsa, ni ban gani ba. Idan ya ce ba zai riƙe ba, to a canza ɓangaren da ya tsage kaɗai, a bar ɗayan idan yana da sauran ƙarfi. Tsohon ɓangaren kuma a manne shi da ɓallinsa, a goge bakinsa kada ya yanki hannu, ya koma durowar keken ɗinki cikin maɓallai inda Inna ta saba samunsa.

Abu uku za ki ja wa mai gyara kunne a kai. Kada ya kai ƙarfen kan injin wasa, kada ya wasa ɗaya gefen don ya yi miki gwaninta, wannan kaifin na gefe ɗaya shi ma hannun mahaifinki ne, a bar wa Auta ya wasa abinsa. Wayar keken nan idan za ta koma a mayar da ita, idan ba za ta koma ba ya ba ki ita a takarda. Kuma kada ya goge komai don ya yi ƙyalli, an yi wannan ya isa. Baƙin da kika kankare kuwa kada ya hana ki barci, danƙon mangwaro zai mayar da shi.

Wannan ra'ayina ne, amma ba ni ce zan yanke ba, kuma ba ke ba ce. Kin saba ke ake kira idan abu ya lalace, shi ya sa kika ɗauki abin nan ke kaɗai kina neman ki gyara a ɓoye ki miƙa shi a kammale. Haka kika yi ranar tukunya, kada ki maimaita. Bayan kin gama da Inna ki bugo wa Auta, ke da bakinki, kada ki bar mata wannan aikin, ita da ba ta yi komai ba. Ki faɗa masa hanyoyin da ake da su. Idan Inna ta ce ba ta yarda a taɓa ƙotar ba, a bi nata, mangwaro ba zai ƙi kamawa don an yanka shi da wata wuƙar ba, sai Auta ya sa ta Baba a aljihu ya yi aikin. Idan sun ce a gyara, sati uku ya ishi dattijo.

Ke kuma ki sassauta wa kanki bayan kin yi abin da ya kamata, ba kafin ba. Mahaifinki ya san halinki sarai, shekara da shekaru yana ɓoye miki wuƙar nan yana dariya, bai taɓa fasa fere miki lemo da ita ba. Ranar da Auta zai yi aikin ki tsaya kusa ki riƙe masa ledar ɗauri, idan ya gama ki miƙa masa tsumma da ɗigon mai, hannunki kuma ki mayar da shi aljihu.

Allah ya ba Inna lafiya da kwanciyar hankali, ya sa dashen ya kama, ku sha 'ya'yansa tare. Yanzu ajiye jaridar nan ki ɗauki jakarki. Layi biyu ne kawai, kuma tsohuwa tana can ba ta kunna murhu ba.

Gwaggonku